A Bar Yaro Ya Yi Wasan Ƙasa, ko a Ɗauke Shi?

Rigimar ta tashi ne a gidanmu wata Asabar da hantsi, a kan yaro ɗan wata goma sha huɗu. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gaida Inna da ɗanta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zube masa kayan wasansa na roba masu kiɗa da walƙiya, ta shiga ɗaki ajiye mayafi. Kafin ta fito gogan naku ya bar tabarmar, ya isa gindin randa inda ƙasa ke da danshi, ya dumbuzo da hannu biyu yana matsawa, tana kurɗowa ta tsakanin yatsunsa. Baki kuwa tuni ya samu rabonsa. Uwar ta yi salati ta sure shi. Inna tana tsintar wake a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ke, sakar mini miji ya yi wasansa. Ku tara na goya a tsakar gidan nan, wanne ne bai ci ƙasar nan ba?"

Ƙanwata ta yi ƙasa da murya. "Haka ne, Inna. Amma mu shida muka rage."

"Wannan kuma kwana ne ya ƙare," in ji Inna, ta ci gaba da tsintarta.

Ba wanda ya ƙara tofawa. Ni dai na tashi da maganar a raina, domin kowace cikinsu ta faɗi abin da ba zan iya ƙaryatawa ba.

Abin da yaron yake yi a gindin randa yanzu yana da suna a littattafan tarbiyya, har makarantun kuɗi suna rubuta shi a allon talla: wasan da ke motsa gani da ji da taɓawa da sansana da ɗanɗano. Turawa sun kasa waɗannan gida biyar. Bahaushe gida biyu ya yi musu, gani da ji. Da kalmar ji ɗin nan muke jin ƙara, mu ji ƙanshi, mu ji gishiri a miya, mu ji kaushin tabarma, mu ji sanyi, kuma da ita muke jin Hausa, wato mu gane ta. Harshen da ya haɗa taɓa abu da fahimtarsa a kalma guda ai ya riga ya ɗauki ɓangare a wannan muhawara tun kafin a fara ta.

Bari in fara da hujjar Inna, ko da yake ba ita za ta kawo ta a haka ba.

Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Siwizalan, ya zauna ya ƙura wa 'ya'yansa uku ido tun suna jarirai, yana rubuta abin da suke yi. Abin da ya fito da shi shi ne, daga haihuwa zuwa wajen shekara biyu yaro da jikinsa yake tunani. Ba shi da kalmar nauyi, sai ya ɗaga ludayi ya ɗaga taɓarya. Ba ya san cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan ba, sai an kife masa ƙwarya a kan abu ya buɗe ya gan shi. Bakinsa kuwa a wannan lokaci shi ne babban ma'auninsa, shi ya sa duk abin da hannu ya kama can yake nufa. Masu bincike na baya sun gyara wa Piaget lissafin watanni a wurare da dama, amma ba wanda ya rushe gindin maganar.

Maria Montessori, likita 'yar Italiya, tun kafin binciken Piaget ta riga ta mayar da irin wannan tunani tsarin koyarwa. A watan Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, domin yaran leburori da ake bari suna gararamba a gida. Ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi irin ta kafintoci, yaro ya bi su da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Ta zuba tsaba iri-iri a cikin gwangwanaye rufaffu, a girgiza a gane masu ƙara iri ɗaya. Ta sa yara juye ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, da shara, da wanke tebur. Abin dariya, yau sunanta ya zama tambarin tsada a Kano da Kaduna da Abuja, alhali don 'ya'yan marasa hali ta fara.

To, dubi wannan jerin, ka waiwayi tsakar gidan Inna. Jariri a goye yana jin ɗumin bayan uwarsa, yana jijjiga da kowane sunkuyo da kowace lugude, yana jin tashin daddawa da hayaƙin murhu. Da ya fara zama sai a ba shi kacau-kacau, ko murfin kwano da cokali ya yi ta ƙwanƙwasa. Mai shekara biyu zuwa uku yana gindin mai wanki, yana kama kumfa, yana cika gwangwanin madara da ruwa yana juyewa sau hamsin bai gaji ba. 'Yan shekara huɗu da biyar su ne masu tuwon ƙasa: a kwaɓa, a tuƙa da tsinke, a kwashe a marfin kwalba, a yi miyar ganye, a kai wa kaka ta yi kamar ta ci ta ce gishiri ya yi kaɗan. Bayan an ɗauke ruwan sama sai a tara jiƙaƙƙen rairayi a kan ƙafa, a daddaɓe, a zare ƙafar a hankali, ɗaki ya tsaya. Wanda ya zare da gaggawa ɗakinsa ya rufta, kuma ba ya bukatar malami ya gaya masa dalili. Daga shekara bakwai abin ya koma gwaninta. Maza su ɗebo yumɓu su gina shanu har da tozo da ƙaho, su fere kara su haɗa mota, su yi ta gare da tsohuwar taya. Mata su yi carafke, wadda ido da yatsu ke aiki tare a cikin ƙiftawa, su yi 'yar gala-gala da gaɗa. Langa kuwa, tsayuwa ce da ƙafa ɗaya ana ture ka, ba abin da ya kai ta koya wa jiki daidaito. Babu matakin da Montessori ta tsara wanda ba shi da ɗan'uwa a nan, kuma ba a biya ko kwabo.

Akwai wani bincike da nake ganin ya kamata kowane uba ya sani. Tsakanin 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na Kingston a ƙasar Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Amfanin madarar kuwa bai bi su har girma ba. Sai dai a lura, kada a ɗora wa binciken abin da bai ce ba: ba ƙasa aka gwada ba, ba kuma kayan wasa ba. Abin da aka gwada shi ne babba ya zauna da yaro, yana yi masa magana a kan abin da ke hannunsa.

Masu goyon bayan ƙasa suna da wani makami kuma. A 1989 wani likita a Birtaniya, David Strachan, ya duba bayanan yara sama da 17,000, ya ga waɗanda suka tashi cikin yayye da yawa ba su cika kamuwa da murar nan mai atishawa da ƙaiƙayin ido ba. Daga nan aka fara zargin cewa tsafta idan ta wuce kima tana barin garkuwar jiki ba horo. A wani bincike da aka buga a 2020, masana a Finlan suka kwaso ƙasar daji da ciyayinta suka shimfiɗa a farfajiyar wasu gidajen renon yara, kuma cikin kwana 28 suka ga sauyi a ƙananan halittun da ke fatar yaran da kuma alamun garkuwa a jininsu.

Nan ne ƙanwata ta tare ni da na kai mata labarin. "Yaya, ƙasar dajin Finlan ce suka kwaso. Kai wace ƙasa za ka kwaso, ta bakin kwata?"

Tambayar ta zauna. Hujjar masu cewa a ɗauke yaro ba ta tsaya a kan ƙyama ko iyayi ba, ta tsaya ne a kan abin da ke cikin ƙasar tamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan ɗaya da rabi suna ɗauke da tsutsotsin ciki da ake samu daga ƙasa. Hanyar a fili take. Mai tsutsa ya yi bayan gida a sarari, ƙwai ya shiga ƙasa, ya nuna a cikinta bayan 'yan makonni, yaro ya dumbuza ya kai baki. Ƙwan macijin ciki yana iya shekaru a ƙasa mai inuwa da danshi bai mutu ba, wato daidai irin gindin randar Inna. Wata tsutsar ma ba ta jiran baki, ta tafin ƙafa take huda fata ta shige, ta je hanji tana shan jini, yaro ya yi ta ɗashewa ana cewa shawara ce. Ƙara da kashin kaji da na awaki a tsakar gida, da gudawar da ke bin damina. A ƙasar da miliyoyin mutane har yanzu ba su da masai, ba a yi wa wannan hujja dariya. Jigawa ce jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bayan gida a sarari, kuma sai a 2022 aka kai ga haka.

Sannan akwai Zamfara, wadda duk mai rubutu a kan wasan ƙasa a ƙasar Hausa bai isa ya tsallake ba. A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba sanƙarau ba ne, ba zazzaɓin cizon sauro ba. Mutane ne suke kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida, kuma dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa ta zauna. A wasu wuraren da aka auna an samu dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin Amurka na lokacin ga filin wasan yara kashi 400 ne. Yara aƙalla 400 suka rasu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar, domin su ne masu rarrafe da kai hannu baki. Maganin da ya yi aiki shi ne kankare saman ƙasar gida-gida a kwashe, a zubo sabuwa. Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da abin ya shafa, sai a 2013 aka tsabtace ta. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Iyayen waɗannan yara ba sakaci suka yi ba. Abin da kakanninsu suka yi shi suka yi, suka bar yaro a tsakar gida. Ƙasar ce ta sauya a ƙarƙashinsu ba su sani ba. Kuma ba sai garin haƙar zinariya ba: duk inda ake fasa tsofaffin baturan mota a bayan gida, dalma tana nan.

Wannan ne raunin maganar "mu ma haka muka tashi". Ƙasar da Inna ta sani a ƙuruciyarta babu baƙin mai a cikinta, babu fasasshen gilashi da allurar kemis, kuma gidan da mutum goma ke zaune a da yanzu arba'in ne a ciki da masai ɗaya.

Haɗarin kuma yana bin shekaru, kamar yadda wasan ke bi. Ɗan ƙasa da shekara uku abin tsoronsa shaƙewa ce. Ƙwayar gyaɗa, wake, dutsen carafken yayarsa, ƙaramin batirin agogo, duk suna iya tsaya masa a maƙogwaro, kuma duk wadda ta yi aiki a ɗakin yara ta ciro wake daga hanci. Ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba a bokitin fenti ya isa ya kashe mai koyon tafiya, saboda kansa ya fi jikinsa nauyi, idan ya kifa ba ya iya ɗagowa, ba kuma a jin ihunsa. 'Yan shekara takwas zuwa sha biyu kuwa kududdufi ne nasu. Ba wanda zai manta daɗin faɗawa ruwa da zafin bazara, amma a nan katantanwa ke sakin tsutsar tsargiya. Ciwon ya yi yawa a wasu garuruwa har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balaga.

Da a nan muhawarar ta tsaya, da sai a ce kowa ya saya wa ɗansa kayan wasa masu tsafta a huta. Amma kasuwar ma tana da nata ƙuraje. Na ziyarci wata makarantar rainon yara inda aka nuna mini, da alfahari, baho cike da shinkafa da aka rina launi-launi, yara suna wasa da ita. Na tuna yadda Inna ke sa mu durƙusa mu tsince ƙwayar gero idan ta zube. A gidan da aka koya wa yaro cewa abinci ba abin wasa ba ne, a garin da maƙwabci ke auna rabin mudu da ƙyar, wannan ba darasi ne da za a kwaso daga intanet a juye mana haka kawai ba. Rairayi yana yin duk abin da shinkafar ke yi. Ga kuma ƙwallayen nan masu sheƙi da ake jiƙawa su kumbura, waɗanda aka yi ta tallatawa da sunan wasan taɓawa. Idan yaro ya haɗiye ɗaya, a cikinsa take ci gaba da kumbura har ta toshe hanji. A 2023 wata jaririya 'yar wata goma ta rasu a Amurka ta dalilinsu, kuma kafin shekarar ta ƙare Amazon da Walmart suka sanar da daina sayar da waɗanda ake tallata wa yara. Abu yana iya fitowa daga leda fes ya fi ƙasar gindin randa haɗari.

Alƙawuran da ake liƙa wa irin wannan wasa su ma sun fi hujjarsu tsawo. Za ka ji ana cewa yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana magance jinkirin magana, yana gyara yaro mai lalurar galahanga. Ko a kan jiyyar da ƙwararru ke yi ta wannan hanya, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2012 cewa binciken da ake da shi kaɗan ne kuma bai yanke hukunci ba. Balle bahon da aka cika da tarkace aka ƙara wa iyaye kuɗin zango. Yaro dai yana jin daɗinsa, yatsunsa suna ƙwari, yana samun abin magana. Wannan ya isa dalili, ba sai an yi masa ƙarin gishiri ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba Inna ba ƙanwata da ta ambata. Idan an ɗauke yaro daga ƙasa, ina ake ajiye shi? A gidajen da muke ginawa yanzu an shafe tsakar gida da siminti ko tayil, an ja ƙofar ƙarfe, dandali ya mutu saboda tsoron masu satar yara. Abin da ya rage shi ne waya. Ana miƙa wa ɗan shekara ɗaya don ya yi shiru, sai ya yi shirun, yatsa ɗaya yana shafa gilashi mai santsi wanda ba shi da nauyi, ba ɗumi, ba ƙanshi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, mai biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, sannan daga shekara ɗaya yaro ya samu aƙalla awa uku yana motsa jiki. Tsutsar ciki ana kashe ta da ƙwaya ɗaya. Shekara ukun farko da aka cinye a kan kujera kuwa ba kemis ɗin da ke sayar da madadinsu. A can ɗaya gefen kuma akwai yarinyar da aka raba da carafke tana shekara bakwai aka ɗora mata farantin talla. Ita ba tsafta ce ta raba ta da wasa ba, kuma ba a cika tuna ta a irin wannan muhawara ba.

Ra'ayina ya fi karkata ga Inna, amma da sharaɗin ƙanwata. Ina ganin mun riga mun san ƙa'idar daga wani wuri. Ƙasa tana tsarkake mutum har ya yi salla idan babu ruwa, amma ba kowace ƙasa ake taimama da ita ba, sai mai tsarki. Ba wanda ya taɓa cewa a daina taimama don akwai juji, ba kuma wanda ya ce a yi ta a kan juji. Jaririn da komai baki yake kaiwa, a bar shi da ƙwarya da ludayi da murfin tukunya da tsumma mai laushi da mai kaushi, a kan tabarma, ƙasa ta jira shi. Daga shekara biyu a ba shi yashi da ruwa kaɗan a faranti, babba yana kusa, yana tanka masa. Daga huɗu a sakar masa laka da yumɓu ya ɓata riga, a wanke hannu da sabulu kafin tuwo, a yanke farce, a karɓi maganin tsutsa idan ana rabawa. Kududdufi kuwa ban da shi a kowane shekaru, kuma a nan ba na neman sulhu da kowa.

Haka muka yi a gidanmu, sai dai ba mu jira shekara biyun ba. Na sayo buhu biyu na yashi wajen masu buga bulo, ƙanwata ta tankaɗe shi da rariya ta wanke, muka baza shi a kan kwano ya sha rana kwana uku, aka juye a tsohon baho. Aka samo faifai babba ana rufewa da dare saboda kyanwar maƙwabta. Inna ta kalli aikin ta ce ba ta taɓa ganin inda aka yi wa ƙasa wanka ba, amma da kanta ta ɗauko gwangwanaye biyu da tsohuwar muciya ta jefa a ciki.

Ranar da aka kawo yaron ya zauna a bahon ya yi kusan rabin awa yana cikawa yana juyewa, Inna tana tambayarsa nawa ne mudu. Uwarsa har hoto ta ɗauka. Da hankalin mutane ya koma kan hira sai ya sauko, ya ɗauki muciyarsa, ya nufi gindin randa.